Ranar da Tsohon Hedimasta Ya Ɗaura Laffaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwar mijina ba, kuma ko na so in manta, dangin mijina ba za su bari ba. Ranar ce na yi kwalliyar da ban taɓa yin irinta ba, ranar ce kuma na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ni da laffayata da takalmina mai tsini gaba ɗaya. Ƙasa ta ƙi.

Ni malamar firamare ce. A unguwar Maisandari muke zaune, ni da mijina da 'yarmu Amira. Layinmu gangare ne, a samansa kuma, can bakin titi, akwai lambatun da ke kwashe ruwan unguwa idan an yi sama. To a kan wannan lambatun ne Baba Alhaji ya gina jerin shaguna, ya zuba kankare ya rufe shi ruf. Baba Alhaji wan mahaifin mijina ne. Tun da surukina ya rasu shi ne babba a dangi: shi ke ba da aure, shi ke karɓa, idan ya yi tari a falo har jikoki sai su gyara zama.

Damina na zuwa ruwa ya rasa hanya, sai ya biyo layinmu. Mu namu da sauƙi, a tsakar gida yake tsayawa. Amma maƙwabciyata Maman Rifkatu, 'yar Biu ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, gidanta ne na ƙarshe a gangaren. Da idona na ga katifunta shanye a kan katanga, littattafan yaranta sun koma kamar kunu. Ga sauro, ga zazzaɓi, yau wannan yaro ne a kwance gobe wancan. Kuma mu mutanen garin nan da muka taɓa ganin ambaliya, ba sai an yi mana bayanin abin da ruwa ke iyawa ba.

Na fara yi wa mijina magana. Ya saurare ni tsaf, ya sosa ƙeya, ya ce, "Maman Amira, Baba ne fa." Na ce na san Baba ne, ai ban ce aljani ne ya gina ba. Ya ce, "To ki yi haƙuri." (Duk maganar da ta fi ƙarfin mijina, da haƙuri yake rufe ta, kamar murfin tukunya.)

Sai na shiga zauren unguwarmu na intanet, inda ake cigiyar awaki da sanarwar suna da rasuwa. Na rubuta da sunana, cikin ladabi, ban ambaci kowa ba. Na ce ruwa na shiga gidajen mutane, ya kamata a duba lambatun bakin titi. Wani ya amsa min, "Malama, wannan maganar manya ce." Wani ya ce, "Allah ya kyauta." Na ukun bai ma kula ni ba, tallar firij ɗinsa ya saka a ƙarƙashin rubutuna. Shi ke nan magana ta mutu.

Haushin wannan firij ɗin ne ya haifi Tsohon Hedimasta.

Na buɗe sabon shafi, na sa masa wannan sunan. Hoton fuska kuwa, hula zanna na ɗora a kan tebur, na ajiye tabarau a gabanta, na ɗauka. Na kwafo rubutun nan nawa da aka yi watsi da shi, ban canza komai ba, sai dai a sama na ƙara, "Yara, ku nutsu ku ji," a ƙasa kuma na sa, "An tashi daga aji." Na tura.

Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. "Allah ya ƙara wa Baba lafiya." "Irinku muke nema a garin nan." "Dattijo ya faɗi gaskiya." Mutumin nan da ya ce min maganar manya ce, shi ne a sahun gaba, har da cewa ya daɗe yana son wani mai hankali ya taɓo batun. Na zauna a bakin gado ina karantawa, dariya na cina, takaici na cina.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi min daɗi, har ya so ya fi ƙarfina. Da farko lambatu kawai nake magana a kai. Daga baya, da na ga ana tafi, sai Hedimasta ya fara barkwanci mai yaji. Akwai ranar da na rubuta cewa wani Alhaji ya je ƙasa mai tsarki ya ga yadda ake yi wa ruwa hanya, amma dabino da carbi kawai ya iya ɗaukowa. Ban kira suna ba, amma ko akuyar unguwa ta san wa ake nufi. Wannan rubutun ya zaga gari, har a cikin keke mai ƙafa uku na ji wasu mata na maimaita shi a hanyar Kasuwar Litinin, ni kuwa na gyara mayafi na kalli titi kamar ba Hausa suke yi ba.

A gidan surukata Ya Hajja kuwa, babu hirar da ake yi sai ta gano wannan tsoho mara mutunci. Aka yi ta zargin wani malami da ya yi ritaya ya koma Konduga yana noma, bawan Allah da ko babbar waya ba shi da ita. Ina zuba musu shayi ina girgiza kai. Har da ni a cewa, "Gaskiya wannan mutumin ba ya ganin girman kowa." (Ku riƙe wannan. Ya Hajja ma ta riƙe.)

Sai ga biki. A gidan Baba Alhaji aka yi komai, tunda shi ne waliyyi. Maza na ƙofar gida a ƙarƙashin rumfa bayan an ɗaura aure, mata kuma mun cika tsakar gida. Na sha lalle har gwiwar hannu, na ɗaura laffaya ruwan zuma da na daɗe ina ɓoyonta, na tsugunna a kan kasko har sai da turaren wuta ya kama ni ciki da waje, na bi da humra. Da na dubi madubi a ɗakin amarya, ni da kaina na ce tubarkalla.

To a hanyar zuwa, a cikin keke, na leƙa shafin Hedimasta don in ga abin da ake cewa a kan darasin da na rubuta jiya. Ban fita daga shafin ba. Wannan shi ne duk laifina a duniyar waya, kuma ya isa.

Na samu gefen da haske ke da kyau, na ɗaga waya sama, na karkata kai, na turo baki irin yadda 'yan mata ke yi (mace da 'ya, malamar makaranta, Allah ya shirye ni), na ɗauki kaina. Na rubuta a ƙasa: "Matar yaya ta iso, a ba da hanya. Masu jin haushi a sha ruwan sanyi." Na tura, na jefa wayar a jaka, domin an kira ni rabon abinci.

Ina cikin raba biski da miya sai na lura ana kallona. Wannan ta dubi waya ta dube ni, ta taɓa ta kusa da ita, ita ma ta duba ta dube ni. Me kuke tsammani na ɗauka? Laffaya ce ke aiki. Wallahi har rangwaɗa na ƙara. Na ratsa tsakar gidan nan na dawo, na sake ratsawa da faranti ɗaya tak a hannu, wanda babu ma wanda ya aike ni da shi. Wata gwaggon amarya ta ce min, "Wushe, Malam, sannu da aiki," mata suka fashe da dariya. Ni ma na taya su, har da ce mata, "Yauwa, Hajiya, mun gode."

Falmata ce ta cece ni, ko in ce ta ƙarasa ni. Ita ce mai bi wa mijina, mun shaƙu da ita sosai. Ta fizgo hannuna ta ja ni ɗakin ajiyar kaya, ta tura ƙofa, ta manna min wayarta a fuska.

"Anti, mene ne wannan?"

Na ce, "Hotona ne mana. Bai yi kyau ba?"

"Dubi sama. Dubi sunan."

Na duba. Ga hula zanna, ga tabarau, ga suna ɓaro-ɓaro: Tsohon Hedimasta. A ƙarƙashinsa kuma ga ni nan, baki a ture, kai a karkace, ina umartar masu jin haushi su sha ruwan sanyi.

Ban san cewa mutum na iya jin sanyi da zafi a lokaci guda ba sai ranar. Gumi ya keto min, hodar da na sha wahalar shafawa ta fara gangarowa. Kuma ina ganin sharhi na shigowa kamar ruwan sama. "Baba, ashe haka kake da kyau?" "Hedimasta ya sha lalle." "Wannan ba matar wane ba ce ta layin gangare?" Na yi maza na lalubo wayata na goge hoton. Falmata ta ce, "Kin makara, Anti. An riga an kwafe shi, yana zauren dangi. Baba ya gani. Ya ce a kira ki."

Tafiyar daga ɗakin ajiya zuwa falon Baba, ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi. Matan da ɗazu nake yi wa rangwaɗa suka dare suka ba ni hanya. (Ai ni na ce a ba da hanya. An ba ni.)

Baba Alhaji na zaune a kan kujerarsa da babbar riga, waya a hannu. Ya Hajja na gefe a kan darduma. Mijina na tsaye a bakin ƙofa, ya ƙura wa silin ido kamar an ba shi aikin gyaransa. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe da Baba. Ya ci gaba da kallon wayarsa.

Ya Hajja ta riga kowa magana, Allah ya saka mata. Ta ce, "Alhaji, yaran yanzu ka san su da wayoyin nan. Sace wa mutum shafi ake yi. Ko ba haka ba ne, Maman Amira? Sace miki aka yi, ko?" Tana faɗa tana ƙifta min ido. Ƙofa ta buɗe min, faɗi-faɗi, kuma na rantse na ɗaga ƙafa zan shiga. Na riga na haɗa ƙaryar a bakina.

Sai Baba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Bar ta, Hajja. Ni na san ba ita ba ce. Na karanta rubuce-rubucen nan duka. Wannan ba rubutun mace ba ne, akwai tunani a ciki. Ke dai faɗa min wane ne yake rubutawa yana ba ki kina sakawa. Shi nake nema, ke ba ruwana da ke."

Zan so in ce muku tausayin Maman Rifkatu ne ya motsa ni a wannan lokacin, ko son gaskiya. Ba su ba ne. Zuciya ce irin ta marubuci da aka ce wani ne ya yi masa aikinsa. Ni da na hana kaina hutun tara a makaranta ina gyara jimla, a ce wai wani ƙato ne ke ba ni?

Na ji bakina ya ce, "Baba, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni ce nake rubutawa. Babu wanda ke ba ni. Har waƙafi da aya ni nake sakawa."

Ya Hajja ta yi salati. Mijina ya sauke idonsa daga silin ya mayar ƙasa. Baba ya gyara tabarau, ya shafa wayarsa a hankali, ya nemo abin da yake nema, ya karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma, zancen dabino da carbi. Ban taɓa jin rubutuna ya yi muni irin na wannan lokacin ba. A waya yana da daɗi. A bakin dattijon da ya biya wa mijina makaranta, sai ya zama rashin kunya tsagwaronta.

Ya ce, "Wannan ma ke ce?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Wannan kam na yi kuskure, ka yafe min. Bai kamata in yi maka ba'a ba." Tunda dai an riga an jiƙe, sai na ƙarasa. "Amma maganar lambatu ba zan janye ba. Ruwa na shiga ɗakunan mutane. Yaran Maman Rifkatu a kan benci suke kwana idan an yi sama. Na faɗa da sunana aka ce maganar manya ce. Shi ya sa na nemo babba na sa ya faɗa."

Ya Hajja ta ce, "Ke da kike zuba mana shayi kina cewa mutumin ba ya ganin girman kowa?"

Na ce, "Ya Hajja, ai ban yi ƙarya ba."

Wani sauti ya fito daga wajen mijina, ya yi maza ya mayar da shi tari. Baba ya ajiye wayarsa. Sannan ya ce, "Tashi ki je. Yau ranar farin ciki ce." Na tashi, na manta takalmi, sai da Falmata ta biyo ni da su.

A hanyar gida mijina ya haɗe rai har muka sauka daga keke. Na shirya wa faɗa, na shirya wa yaji ma in ta kama. Muna shiga gida ya zauna a bakin baranda ya kama dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, "Wato duk wannan lokacin da Hedimasta nake kwana a gida ɗaya?" Sannan ya yi ƙasa da murya ya gaya min cewa shi ma yana da wani shafin da ba sunansa ba, kuma babu darasin da bai shiga ya rubuta "Gaskiya ne, Baba" ba.

Na ce, "Au! Wato ka san gaskiya ce, amma ni kake ce wa Baba ne fa?"

Ya ce, "To ai shi ya sa ban sa sunana ba."

Na ƙyale shi, domin ni ma hular wani na ara.

Washegari aka zuba ido a ga Hedimasta ya rufe shafi ya ɓace. Na yi tunanin hakan, ba zan musa ba. Amma na ce in na gudu yanzu, an tafi ke nan da labarin matar da ta turo baki, an manta da ruwan da ke ɗakin mutane. Sai na cire hular, na sa hotona (na mutunci, baki a rufe), na rubuta cikakken sunana. Na ce ni ce dai, kuma lambatu na nan a toshe.

A nan na ga bambanci. Maganar ba ta canza ba, mai maganar ce ta canza. Waɗanda jiya ke roƙa min tsawon rai, yau suna tambaya ko mijina ya san ina wannan. Wani ya ce in je in duba tukunyata. Wani ya bar zancen ruwa ya koma kan hancina. A makaranta shugabanmu ya kira ni ofis ya ce wasu iyaye sun yi ƙorafi, in rage zafi. Wasu dangi suka daina amsa gaisuwata, na ci gaba da gaishe su don in ga iyakar ƙarfinsu. Ba abu ne mai sauƙi ba, akwai ranar da na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito.

Amma wani abu ya faru da bai taɓa faruwa ba a zamanin Hedimasta. A da tafi kawai ake yi, kowa ya yaba ya wuce. Yanzu da aka ga mutum mai fuska, wadda ake haɗuwa da ita a wajen mai kayan miya, ta faɗa kuma ba ta mutu ba, sai Maman Rifkatu ta saka hoton ɗakinta da ruwa har ƙauri, da sunanta. Wani tela ya saka nasa. Matar wani limami ta saka nata. Tsoho mara fuska ana iya cewa ɗan hassada ne, amma maƙwabtan da kake sallah da su, kake zuwa sunan 'ya'yansu, da wuya ka ce duk ƙarya suke yi.

Kafin damina ta gaba Baba ya kawo ma'aikata suka fasa kankaren gaban shagunan, aka buɗe wa ruwa hanya aka ɗora ƙarafa. Ya gaya wa mutanen masallaci cewa dama tuni yana da niyya. Ban yi gardama ba. Ruwan bai daina zuwa gaba ɗaya ba, amma yanzu a ƙofar gida yake wucewa, ba a ƙarƙashin gado ba.

Ni da Baba mun daɗe sama-sama, in gaishe shi ya ce "lafiya" ya kau da kai. Sai wata Juma'a da muka je gaisuwa, ina shirin tashi ya ce in dakata. Ya leƙa ƙofa ya tabbatar babu kowa, ya rage murya.

"Hedimasta."

"Na'am, Baba."

"Jujin nan da ake tarawa a bayan masallacinmu, wari ya hana mu sakat. Masu shagon sayar da kaji ne ke zubarwa. Ba za ki ɗan yi rubutu a kai ba?"

Na ce, "Zan yi, Baba. In ce kai ka ba ni labari?"

Ya zabura. "A'a, a'a! Kada ki sa sunana. Ni ina da jama'a."

Na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata, na ce to.

Ban ga laifin mai ɓoye suna ba, har yau. Na san abin da ke sa mutum ya ɓoye, na kuma ɗanɗana abin da ke biyo baya idan ya bayyana. Ni dai nawa ya riga ya fita, kuma ba zan mayar da shi ba, wanda bai so ba ya tsallake rubutuna. Abin da na koya shi ne, a garin nan kowa na son a faɗi gaskiya, tun daga mijina har Baba Alhaji, matuƙar sunan wani ne a ƙasa. Sai kuma ƙaramin darasi ga 'yan'uwana masu shafi biyu: kafin ki tura komai, ki dubi sama ki ga ko wace ce ke a wannan lokacin.